Mai lufus ko rumatoyid ya zo yana son aikin lesa a ido: gwajin hawaye kafin komai

Salamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Toh yau zancen da kuka dame ni da shi ne, mara lafiya mai irin ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar mai ita, lufus ne ko sanyin gaɓoɓi na rumatoyid, ya zo yace ya gaji da tabarau a yi masa LASIK, wato aikin gyaran gani da lesa. Me za ka fara dubawa? Hawaye. Ni dai kafin in auna kaurin koniya ma, wato fatar nan mai kamar gilashi da ke gaban baƙin ido, hawayen nake fara gani.

Ga takardar Shirma nan, siririyar takardar da ake auna yawan hawaye da ita, na san kowa na da ita a durowa. Ga kuma wata ƙanwata da zan gwada a idonta. Ƙanwata matso, ɗaga ido sama. Ka lanƙwasa bakin tun tana cikin leda, kar yatsanka ya taɓa ta. Sai ka rataya a fatar ido ta ƙasa, a tsakiya... a'a astagfirullah, ba tsakiya ba, can gefen waje wajen kunne, kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan wurin ku kula da shi don Allah, don nan na taɓa shan kunya. Farkon fara aikina na bari takardar ta gogi koniya, idon matar ya yi ta zubar ruwa saboda zafi, takarda ta jiƙe sharkaf, na rubuta lafiya lau ina ta murna. Da babban likitanmu ya sake gwadawa ashe idon a bushe yake ƙamas. Ruwan zafi daban, hawayen da ke jiƙa ido kullum daban. Don haka gefe, a hankali, kar ta taɓa baƙin ido. Rufe ido ƙanwata. Minti 5, na kunna agogo.

Kafin ya cika bari in faɗa muku dalilin duk wannan wahalar. A LASIK ana yanka murfi siriri a koniya a ɗaga, lesa ta sassaƙe ƙarƙashi a mayar, toh yankan nan yana datse jijiyoyin da ke sanar da ido cewa ya bushe, shi yasa ko mai lafiya garau sai ya yi watanni yana ɗiga magani. Yanzu ka ɗauko wanda dama hawayensa ba su isa ba, ga warkewar rauni ba ta tafiya daidai, ga shi yana shan siteroyid ko metotireksat, magungunan da ke danne garkuwar jiki. Abin da ake tsoro shine koniya ta fara narkewa, ba kasafai ba ne amma in ya faru gani ne ke tafiya. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ta lissafa masu lufus da rumatoyid cikin waɗanda aikin bai cika dacewa da su ba.

Amma fa ba kowa ake kora ba. Wanda ciwonsa ya lafa tun da daɗewa, bai taɓa hawa ido ba, hawaye sun isa, likitan gaɓoɓinsa ya rubuto ya yarda, likitocin ido da yawa suna yi kuma ana warkewa ƙalau. Mai ciwon Shogiren kam, wanda baki da ido duk sun bushe, ni ba na ma tura shi. Kuma kar wani yace toh a yi PRK, wani nau'in aikin lesa ɗin, tunda babu murfi, can ma ai fatar saman ake kankarewa, rauni ne a buɗe na kwanaki. Wasu gara a yi musu zancen lens ɗin da ake dasawa cikin ido, wasu kuma su riƙe tabarau ɗinsu kawai.

Sauran gwaje-gwajen kun san su, ka sa fulorosin, rinin nan da ake sa wa ido, ka ƙirga, in hawayen suka tsage ƙasa da sakan 10 akwai magana. Ka tambayi magani, in mara lafiyar tana shan haidiroksikulorokwin, maganin da ake ba masu lufus da rumatoyid, a leƙa can cikin bayan ido, wato retina. Maganin ɗigawa kuwa ni na fi son mai ƙananan robobi na amfani sau ɗaya, marar sinadarin adanawa.

Yauwa agogo ya buga. Buɗe, kalli sama. Ƙasa da milimita 5 bushewa ce mai tsanani, sama da 10 an gode Allah. Taki ta kai... 14. Juyo da ɗayan idon mu gani.