Baffa Ya Sayar Da Gonar Marayu

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraronmu, daga nan Katsina. Yau gaisuwata gajera ce, don abin yana cina a rai. Wata 'yar uwata ce a Ƙofar Marusa, mahaifinsu ya rasu ya bar gida da gona a hanyar Daura, ya bar wa ƙanensa amanar yara. Kwatsam sai ga baƙo yana sauke bulo a gonar. Ashe Baffa ya sayar.

Malam: Inna lillahi. An raba gadon ne, Hajiya?

Hajiya: Ina fa, Allah gafarta Malam! Wai bashi ya biya.

Malam: To, a nan ake fakewa. Gaskiya ne ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Amma bashin nan nawa ne? Wa ke bi? Wasiyyi, wato wanda mamaci ya bar wa kula da marayu, ɗan amana ne, ba mai dukiya ba. Kason baligi ba ya sayuwa sai ya yarda. Na maraya kuwa sai da dalili mai ƙarfi, kuma kan farashin da ya dace. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce wuta mai cin dukiyar marayu yake zubawa a cikinsa.

Hajiya: Barista, shi kuma wanda ya saya fa? Da kuɗinsa ya biya, har da sa hannun mai unguwa.

Barista: Ina tausaya masa ƙwarai. Sai dai shaidar mai unguwa da la'adar dillali ba sa mai da kayan wani naka. Ko satifiket ya yi a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, kotu kan duba tushen cinikin. In ta rushe cinikin, sai wanda ya saya ya bi Baffa ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. A mazhabar Malikiyya akwai hauzi. Wato idan bare ya riƙe fili shekara 10 yana gini, kina gani, ba abin da ya hana ki magana, kika yi gum, to da wuya alƙali ya saurare ki.

Hajiya: Ai kunya ce, Barista. Yarinya ta kai ƙanen ubanta kotu? Sai dangi su ce ta yanke zumunci. Uwarsu ma ko tumuninta ba ta gani ba, ta ce ta bar wa Allah.

Malam: Nata za ta iya yafewa. Na ƙananan ba ta da ikon yafe shi.

Barista: Su fara da manyan gida, a zauna, Baffa ya kawo lissafi a rubuce. In ya ƙi, Babbar Kotun Shari'a tana nan, kuma su roƙi a dakatar da ginin tun tubali bai kai linta ba.

Hajiya: An riga an haƙa tushe fa. Muna tashi daga nan gidansu zan wuce.