Albashin Dubu Saba'in da Masaƙun da Suka Rufe

Assalamu alaikum. Na baya can, kuna ji na? To, madalla.

Abu uku zan taɓo game da mafi ƙarancin albashi. Na farko lissafi ne. A 1981, zamanin Shagari, naira 125 aka yanka, kuma a lokacin kuɗin nan sun kai kusan dala 200. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, bayan ƙungiyar ƙwadago ta fara da neman 615,000. Da ka kai dubu saba'in ɗin wurin 'yan canji a ranar, dala 50 ma ba za ka samu ba. Ga tallafin mai an janye tun Mayun 2023.

Na biyu, kuma nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sai ka ji ana cewa in aka ƙara albashi kamfanoni za su gudu, kayanmu ba za su iya gogayya da na Sin ba. Jama'a, ku je Kakuri a Kaduna. Ku je Sharaɗa da Bompai a Kano. Ina yaro, da asuba za ka ji jiniyar masaƙa, ka ga ma'aikata a kan kekuna, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a baya. Yau ciyawa ce a ƙofofin. Albashi ne ya rufe su? Wuta ce. Wuta, na ce! Mai masaƙa ya kwana yana zuba wa janareta dizal, gari ya waye atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari a farashin da ko kuɗin zarensa bai kai ba. Ko kyauta ma'aikaci zai yi masa aikin, ba zai tsira ba. Alhaji na ga kana gyaɗa kai, ka san zancen.

Na huɗu... af, na uku ne ko? Bari dai, Hajiya ta ɗaga hannu.

Tana tambaya: 'yarta da ke koyarwa a ƙaramar makarantar kuɗi fa? Hajiya, wallahi kin taɓo inda ke ciwo. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yaron shago, mai aikin gida, ɗan ga-ruwa, babu ɗayansu a ciki. Amma ranar da aka sanar da ƙarin, kasuwa ɗaya suka shiga da ma'aikacin gwamnati, mudu ɗaya aka auna musu. Su nawa ne malaman a makarantar, Hajiya?