Ƙarin tantanin ƙwaƙwalwa a lokacin goyon ciki

Assalamu alaikum. 'Yan'uwana ungozomomi da ma'aikatan ɗakin awo, yau zancenmu a kan wani ƙari ne da ake kira meninjiyoma. Daga tantani mai hawa uku da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, ya riƙa danna ta daga waje a hankali. Yawancinsa, wajen kashi 80 cikin 100, ba sankara ba ne, kuma mata sun fi maza kamuwa da shi kusan ninki biyu.

To, me ya haɗa shi da ciki? Mace tana iya ɗauke da shi shekaru ba ta sani ba. Idan ta samu juna biyu, sinadarin furojestaron, wanda ke taimakawa wajen riƙe ciki, yana ƙaruwa a jini, galibin irin wannan ƙari kuwa yana amsa masa. Ga jini da ruwan jiki sun yi yawa. Sai ya kumbura, musamman daga wata na huɗu zuwa haihuwa. Tun a 1938 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, Harvey Cushing, ya rubuta yadda alamunsa ke tsananta da ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake ɓuya a bayan laulayi. Mai ciki ta ce kanta na sarawa da asuba, tana amai, sai a ce mata ai laulayi ne, ki yi haƙuri. Amma amai a wata na bakwai? Ku tambaye ta idonta. Idan ƙarin yana kusa da jijiyar gani, za ta ce miki ba ta ganin wanda ya tsaya a gefenta, ko tana tafiya tana buge ƙofa da kafaɗa. Wata kuma hannunta ɗaya ne zai yi nauyi, ludayi na suɓuce mata.

Idan ta faɗi tana jijjiga, ku yi mata maganin jijjigar masu ciki nan take, wannan ba a jira. Sai dai in jininta bai hau ba, fitsarinta ma lafiya lau, don Allah ku tura ta babban asibiti a duba kanta.

Ana iya yi mata hoton MRI da cikin, ba tare da allurar gadoliniyam da ke ƙara fito da hoton ba. Idan alamun da sauƙi, ana ba ta maganin rage kumburi, a jira ta sauka. Idan ƙarin na sa ta jijjiga, cikin magungunan farfaɗiya akwai mai suna balfurowet, ana guje masa domin yana nakasa ɗan tayi. In kuwa ido na neman tafiya ko hankali na gushewa, tiyata ake yi ko da cikin, kuma tsakanin wata na huɗu da na shida ya fi aminci. Yadda za ta haihu kuma, likitan mata da na ƙwaƙwalwa ne za su zauna su yanke tare.

Bayan haihuwa sau da yawa ciwon kan yana lafawa, gani ya dawo, dangi su ɗauka ta warke. Ƙarin yana nan. Ku ba ta ranar dawowa hoto tun kafin a sallame ta, kuma kada a yi mata allurar tazarar haihuwa ta wata uku sai likitanta ya amince, don ita ma dangin furojestaron ce.