Duniya Tana da Farko? Gardamar Malamai da Masana Taurari

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi ya san hujjar nan: duniya fararriya ce, kuma abin da ya samu bayan babu, dole akwai wanda ya samar da shi. To, wa ya tabbatar cewa duniyar fararriya ce? Nan gardamar take.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba, rigimar ta daɗe tana ci tsakanin masu imani su da kansu. Ibn Sina ya yarda da Allah, amma ya ce duniya ba ta da farko, tana fitowa daga gare Shi tun fil azal kamar yadda haske ke fitowa daga rana. Imam Gazali, wajen shekarar 1095 a Bagadaza, ya rubuta Tahafutul Falasifa, ya sa wannan magana cikin abubuwa uku da ya ce kafirci ne. Daga Andalus kuma Ibn Rushd ya mayar masa da martani.

Sai ƙarni na 20 masana taurari suka shigo. A 1927 Georges Lemaître, ɗan Beljiyam, masanin lissafi kuma fada a cocin Katolika, ya nuna cewa sararin samaniya yana buɗewa. A 1929 Edwin Hubble ya ga tarin taurari suna nesanta da mu. In abu yana buɗewa, ka mayar da lokaci baya, za ka tarar da shi a dunƙule. Masanin taurari Fred Hoyle, wanda bai yarda da haka ba, shi ya raɗa wa wannan ra'ayi suna "Big Bang", wato babbar fashewa, a rediyon BBC a 1949. A 1965 Penzias da Wilson a Amurka suka sanar da wani ƙugi da na'urarsu ke ɗauka daga kowace kusurwa ta sama. Har kashin tattabaru suka goge daga na'urar, ƙugin bai tafi ba. Ragowar zafin farko ne. Yau lissafin tsufan sararin samaniya ya tsaya wajen shekaru biliyan 13.8.

Shi ke nan, Gazali ya ci gardama? Mu yi a hankali. Lissafin masana yana kai mu kusa da farkon, sannan ya tsaya cik, bai faɗi abin da ke gabaninsa ba. Wanda bai yarda da Mahalicci ba zai tambaya: to, wa ya halicci Mahaliccin? Malamin tauhidi zai ce hujjar tana magana ne kan abin da ya faru bayan babu, Allah kuwa ba Shi da farko. Masanin falsafa Bertrand Russell ya ce duniyar tana nan kawai, iyakarta ke nan. Ni dai wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, don ta rufe tambayar ne ba tare da ta amsa ba.

Amma ga abin da ya fi ɗaure mini kai. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa binciken nan ya gaskata halitta. Lemaître, mai imani, bai ji daɗi ba. A ganinsa, in ka jingina imaninka da lissafin yau, gobe lissafin ya sauya, ina ka kama? Labarin ƙugin nan ya iske shi yana jinya, ya rasu a 1966.