Daga Ina Ake Fara Karatun Tauhidin Lutheran? Lacca Ga Fastoci, Masu Bishara Da Ɗalibai

'Yan'uwa fastoci, masu bishara da ɗalibai, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. An roƙe ni in yi magana a kan littattafan da mutum zai karanta idan yana so ya san koyarwar ikilisiyar Lutheran, kuma abin da zan fi nanatawa shi ne wanda za a fara da wanda zai biyo baya, domin da yawa daga cikin waɗanda suka soma wannan karatu suka ajiye shi, sun soma ne daga inda ya kamata su ƙare.

Tun da Dokta Niels Bronnum, likita ɗan ƙasar Denmak, ya iso Numan a 1913, muke ɗauke da wannan suna a Adamawa da kewaye, amma sunan yana da abin da yake nufi, kuma a rubuce yake. Shaidar bangaskiyar da iyayenmu suka amince da ita an tattara ta cikin littafi ɗaya, wanda za ku samu a Turanci da sunan Book of Concord, wato Littafin Daidaito, da aka fitar a birnin Dresden na ƙasar Jamus a 1580. Littafin da kansa ya faɗa cewa Littafi Mai Tsarki kaɗai ne ma'aunin kowace koyarwa, shi kuwa shaida ce kawai ta yadda aka fahimci Maganar Allah aka kuma furta ta. Saboda haka kada kowa ya buɗe shi ba tare da Littafi Mai Tsarki a gefensa ba.

A cikin rubuce-rubucen da aka tattara a wannan littafi, ku fara da Ƙaramin Katekizim na Martin Luther, na 1529, wato ɗan littafin koyar da tushen bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa. Na san wasu za su ce ai wannan na yara ne da masu shirin baftisma, kuma a nan ne nake ganin muke yin babbar asara. Luther ya rubuta shi bayan ya zagaya ikilisiyoyin ƙasar Saxony ya tarar da jama'a, har da fastoci da dama, ba su iya Dokoki Goma ko Addu'ar Ubangiji ba. Ku lura da jerin da ya bi, domin koyarwar tana cikin jerin: Dokoki Goma suna nuna wa mutum abin da Allah yake so da kuma yadda ya kasa, Shaidar Bangaskiya ta Manzanni tana nuna masa abin da Allah ya yi dominsa, Addu'ar Ubangiji tana koya masa yadda zai roƙa, sa'an nan baftisma, da furta zunubi, da Jibin Ubangiji suna nuna masa inda Allah yake miƙo masa gafara. Ku tsaya sosai a kan bayanin sashe na uku na Shaidar Bangaskiya, inda mai bi yake furta cewa ba zai iya gaskata da Yesu Almasihu ko ya zo wurinsa da hankalinsa ko ƙarfinsa ba, sai dai Ruhu Mai Tsarki ne ya kira shi ta wurin Bishara. Wanda ya fahimci wannan jimla ɗaya zai gane dalilin da ya sa wa'azinmu ba ya rataya ceto a kan ƙoƙarin mutum. Daga nan ku wuce zuwa Babban Katekizim, shi ma na 1529, wanda ya fito daga wa'azozin Luther. Bayaninsa a kan doka ta fari, cewa duk abin da zuciyarka ta dogara a kansa shi ne allahnka, ya isa mai wa'azi ya yi ta ɗiba.

Na biyu shi ne Shaidar Augsburg, wadda Philip Melanchthon ya rubuta, aka karanta ta a gaban Sarki Charles na Biyar ranar 25 ga Yuni, 1530. Tana da babi 28, guda 21 a kan koyarwa, 7 a kan al'adun da aka gyara. Babi na huɗu gajere ne ƙwarai, amma shi ne ginshiƙin ɗakin: mutum ba ya samun barata, wato a ɗauke shi mai adalci, a gaban Allah ta wurin ƙarfinsa ko ayyukansa, sai dai kyauta, saboda Almasihu, ta wurin bangaskiya. Ku karanta shi tare da Romawa sura 3 da 4, sa'an nan ku ga yadda babi na biyar ya ɗora a kai cewa domin a sami wannan bangaskiya ne Allah ya kafa aikin wa'azi da sakramenti. Babi na tara yana maganar baftismar yara, wadda 'yan'uwanmu na wasu ɗariku suke yawan tambayarmu a kanta, na goma sha shida kuwa ya nuna cewa Kirista yana iya riƙe muƙami, ya yi alƙalanci, ya yi aikin soja ko kasuwanci ba tare da ya yi zunubi ba. Bayan malaman ikilisiyar Katolika ta Roma sun mayar da martani ga Shaidar, Melanchthon ya rubuta Kariyar Shaidar Augsburg a 1531. Doguwa ce, kuma ga mai farawa sashenta na barata ya wadatar. Ku haɗa da Babukan Smalcald na 1537, inda za ku ji muryar Luther da zafinta.

Tsarin Daidaito na 1577, rubutu na ƙarshe a cikin Littafin Daidaito, wanda Jakob Andreae da Martin Chemnitz suka yi jagorancin rubuta shi, ku bar shi sai a ƙarshe. Bayan rasuwar Luther a 1546 almajiransa suka rabu, har wani, Georg Major, ya ce kyawawan ayyuka wajibi ne domin ceto, wani kuma, Nikolaus von Amsdorf, ya ce suna cutar da ceto. Babi na huɗu na wannan Tsari ya ƙi maganar duka biyun, ya ce ayyuka suna biyo bayan bangaskiya ta gaskiya babu makawa, amma ba su da gurbi a batun barata. Wanda bai san wannan gardama ba zai karanta amsa ba tare da ya san tambayar ba, shi ya sa nake ba da shawarar a cikin sassa biyu na Tsarin, a fara da Taƙaitaccen sashen kafin a shiga Cikakken Bayani. Babi na goma, a kan al'adun sujada da Allah bai umarta ba kuma bai hana ba, yana da amfani ga dattawan ikilisiya duk lokacin da gardama ta tashi a kan tufafi ko kiɗa.

A wajen Littafin Daidaito, littattafai biyu zan ambata. Ɗan littafin Luther na 1520 a kan 'yancin Kirista ana iya gama shi a zama ɗaya, kuma yana bayyana yadda mai bi yake ɗa, ba bawan kowa ba, ta wurin bangaskiya, kuma bawan kowa ta wurin ƙauna. Ɗayan shi ne laccocin C. F. W. Walther a kan bambanta Shari'a da Bishara, guda 39 da ya yi wa ɗaliban makarantar tauhidi a St. Louis ta Amurka tsakanin 1884 da 1885. Duk wanda yake hawa bagade ya kamata ya karanta shi, domin yana nuna yadda mai wa'azi yakan tsoratar da wanda ya riga ya karai, ya kuma lallashi wanda yake jin daɗin zunubinsa, alhali akasin haka ake bukata.

Game da bugu, fassarar Turanci ta Tappert ta 1959 da ta Kolb da Wengert ta 2000 duka suna da kyau, tsohuwar fassara kuma tana kan intanet kyauta ga mai wayar hannu. Amma ina roƙonku, duk babin da kuka karanta da Turanci, ku rufe littafin ku faɗe shi da Hausa ko Bachama ko harshen da jama'arku suke ji, ku nuna ayar da ya dogara a kanta. Manyan littattafan koyarwa irin na Francis Pieper, da amsar da Luther ya ba masani Erasmus a 1525 a kan ɗaurarren nufin mutum, suna iya jira har sai kun gama Tsarin Daidaito.