Lauyan da Ya Yi Barci a Kotu: Lacca kan Ɗaukaka Ƙarar Hukuncin Kisa

Assalamu alaikum. Na baya ku ɗan matso, lasifikar ba ta kaiwa can.

To yau za mu duba yadda mutumin da aka yanke wa hukuncin kisa a Amurka yake ɗaukaka ƙara a kan cewa lauyansa ne ya yi masa sakaci. Kundin tsarin mulkinsu, gyara na shida, ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun lauya, amma a 1984 ne Kotun Ƙoli ta kafa ma'auni a shari'ar Strickland da Washington, Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ce ta rubuta. Abu biyu za ka tabbatar. Na farko aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga kowane lauya mai hankali, na biyu kuma, ku riƙe wannan don nan ne mutane ke faɗuwa, sai ka nuna cewa da ya yi aikinsa akwai yiwuwar hukuncin ya canza.

Ku ji labarin Calvin Burdine a Texas. Ana tsaka da shari'ar ransa lauyansa yana gyangyaɗi, kai ya sunkuya, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har 'yan juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a, da akawun kotu suka ba da shaida sun gani da idonsu. Wallahi duk da haka a 2000 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka ce ai ba a san ko lokacin da yake barcin wani abu mai muhimmanci ake yi ba! Sai a 2001 da cikakken zaman kotun ɗaukaka ƙara ya sake dubawa aka ba shi sabuwar shari'a.

Shi barci ma ana ganinsa. Wanda ya fi damuna shi ne sakacin da ba ya barin sawu, kamar na Kevin Wiggins a Maryland, yaron da uwarsa 'yar giya take tafiya ta bar shi da 'yan'uwansa kwana da kwanaki babu abinci har suna tonon bola, daga baya kuma aka ci zarafinsa a gidajen riƙo, amma lauyoyinsa ba su bi diddigin wannan tarihi ba balle su kai shi gaban juri lokacin da ake tunanin a kashe shi ko a bar shi da rai. Sai 2003 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisan.

Ga kuma lokaci, wata dokar tarayya ta 1996 ta ba fursuna shekara ɗaya kacal ya kai kukansa kotun tarayya.

Ni dai a nan ina tare da Mai Shari'a Thurgood Marshall, wanda a shari'ar Strickland shi kaɗai ya ƙi yarda da ma'aunin gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce alƙalin ɗaukaka ƙara fayil yake karantawa, to wa ya cika fayil ɗin? Lauyan nan da ake ƙorafi a kansa. Shaidar da bai kira ba ba ta ciki, tambayar da bai yi ba ba ta ciki, sannan a ce fursuna daga cikin kurkuku ya nuna abin da zai faru da an yi su. Shi David Washington, fursunan da aka kafa ma'aunin a shari'arsa, a watan Mayu 1984 aka kori ƙorafinsa, a watan Yuli aka kashe shi a Florida.