Idan baƙo ya hau kujera, ina makomar alkawuran ƙasa?

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanku da yamma. Na ga zafin Kaduna ya sa 'yan baya sun fara gyangyaɗi, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Wanda nake kira baƙo a nan shi ne mutumin da ya ɗare kujerar shugaban ƙasa bai taɓa riƙe ko kansila ba. Da aka zaɓi Donald Trump a 2016, shi ne na farko a tarihin Amurka da ya hau ba tare da ya taɓa riƙe muƙamin gwamnati ko ya yi aikin soja ba. Talaka na son irin wannan mutum don yana ganin ba ya cikin waɗanda suka ci amanarsa. Sai dai abin da ya ba shi ƙuri'a a gida shi ke hana ƙawaye barci a waje, domin a ganinsa alkawarin da magabata suka ɗauka bai hau kansa ba.

Iyayenmu mata sun fi ni sanin adashi. Mai zubi yau tana zubawa ne don ta sakankance ranar kwasarta za ta zo. To a ce an canja uwar adashi, sabuwar ta ce ita ba ta san da tsohon lissafi ba. Ko daga baya ta biya kowa, wa zai ƙara zubi da kwanciyar hankali?

Ku dubi yarjejeniyar nukiliyar Iran ta 2015. Amurka, Birtaniya, Faransa, Jamus, Rasha da Sin duk suna ciki. Iran ta amince ba za ta tace yuraniyom sama da kashi 3.67 cikin ɗari ba, masu sa ido na ƙasa da ƙasa kuma sun yi ta tabbatar da tana cikawa. A watan Mayun 2018 Trump ya fice. Zuwa 2021 Iran ta kai kashi 60. Me ya sa ficewar ta zo da sauƙi haka? Saboda ba a taɓa kai yarjejeniyar Majalisar Dattawa ta amince da ita ba. Abin da shugaba ɗaya ya ƙulla shi kaɗai, wani ya zo ya kwance shi kaɗai. Yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ma haka: an shiga, an fita, Biden ya koma a 2021, Trump ya sake sa hannun fita a Janairun 2025. Tun a 2017 Angela Merkel ta gaya wa Turawa cewa lokacin dogaro kacokan da wasu ya kusa wucewa.

Amma a yi adalci. Da Trump ya riƙa yi wa ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO gori kan kuɗin tsaro, yana da gaskiya. A 2014 uku kacal ke kashe kashi 2 cikin ɗari na arzikinsu kamar yadda aka tsara. Baƙo kan faɗi abin da 'yan gida ke jin nauyin faɗa.

Mu ma mun ga fuskokin biyu. Gwamnatin Obama ta dakatar da sayar mana da jiragen yaƙi na Super Tucano, musamman bayan da jirginmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann da ke jihar Borno a Janairun 2017. Trump ya zo ya ce a sayar, guda 12, ya kuma karɓi Buhari a fadarsa a Afrilun 2018. Muka yi ta tafi. Ba a cika shekara biyu ba, a farkon 2020, shi ɗin ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka hana wa bizar zama. A wurinsa babu tufka da warwara. Wancan ciniki ne, an biya an tashi, wannan kuma wata rana ce daban.

Ina ganin hafsoshinmu na Jaji a layin gaba, su za su gaya muku cewa jirgin yaƙi ba a saye a rufe littafi. Yana buƙatar kayan gyara, makamai da horon matuƙa na shekaru masu yawa, kuma duk daga hannun wanda ya sayar suke fitowa. Jiragen sun iso a 2021, a zamanin wani shugaba daban, suna Kainji, kuma duk kayan gyaran da za su ci nan gaba sai da izinin duk wanda ke zaune a Washinton a lokacin.